Wa zan bar wa yarona in na kwanta asibiti?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Pantami, Gombe. Ɗana mai shekara 7 yana da galahanga, wato autism, ba ya magana sai dai ya ja hannunka ya nuna, kuma in ya ga ƙofa a buɗe sai titi. Wata mai zuwa za a yi min tiyatar haihuwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, zan yi kwanaki a kwance. Babansa direba ne, bai cika zama ba. Surukata ta ce a kai mata shi Kumo, amma ita har yau gani take iska ce, hayaƙi za ta yi ta masa. Wallahi barci ya ƙaurace min. Ya zan yi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah Ya raba lafiya. Kada ki kai shi Kumo, sauyin wuri ne ke birkita irin yaran nan. Mai riƙon ta zo gidanku, ya kwana a kan katifarsa, ya sha koko a kofin da ya saba. Ki fara tun yanzu: ta riƙa zuwa kina nan, daga baya ki fita cefane ki bar su, sannan a gwada kwana ɗaya. Nawa sai da ya yi makonni kafin ya karɓi abinci a hannun ƙanwata.

Malama Asabe: Ki rubuta wa mai riƙon komai a takarda. Abin da yake ci, abin da ke tayar masa da hankali, ko ƙarar janareta ce ko injin markaɗe, da abin da ke kwantar da shi. A sa sakata can sama, a rufe rijiya da duro, domin da yawansu ruwa na jan su. In yana shan maganin farfaɗiya, kada a tsallake ko sau ɗaya.

Hajiya Yaya: 'Yata, kada ki ja da surukarki, ɗanta ne zai faɗa mata. A ɗauko ta ta zo ta zauna da jikanta, ta yi masa addu'a iya son ranta, amma ban da hayaƙi, ban da ɗauri.

Ummu Sadik: Mu iyayen irin yaran nan a Tudun Wada karɓa-karɓa muke yi kamar adashi, ran Asabar uwa ɗaya ta huta, sauran mu riƙe mata. Yini za mu iya, kwana dai sai ɗan gida.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Ƙanwata za ta zo daga Dukku jibi mu fara. Ummu Sadik, naku suna jure baƙon yaro kuwa?