Tumatina na zubar da fure a rumfar leda: ruwa ne ko zafi?

Maigarka_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da rumfar shuka a bayan gida nan Maradi, mita 4 a kan 6, sama da gefe duk an rufe da farar leda, ƙofa ɗaya ce. Tumati 60 ne a ciki, ƙasar jigawa ce da aka haɗa da takin gida. Sau ɗaya nake ban ruwa, bayan la'asar, da arozuwar (butar ban ruwa mai rariya a baki). Tun shigowar Maris fure sai zuba yake, wanda ya ɗaure kuma gindin ɗan ya yi baƙi ya lotse. Da azahar ganye ya yi yaushi alhali ƙasa da danshinta, da asuba kuma ruwa na ɗigowa daga leda bisa ganye. In ƙara ruwa ne ko in rage?

Na-Jiratawa:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar ruwa tukuna, ledar nan ce babbar matsalarka. Rumfa rufaffiya ruf an yi ta ne don ƙasashen sanyi, masu neman tara ɗumi. Mu nan daga Maris zuwa Mayu waje ma yana haura digiri 40, balle cikin leda mai ƙofa ɗaya. Shi kuwa tumati da zarar zafin rana ya wuce 35, garin furensa ya lalace, sai furen ya bushe ya faɗi ko da ka nutsar da gindin a ruwa.

Ka kwance ledar gefe huɗun nan, ka sa ragar hana ƙwari a madadinta tun daga ƙasa har sama. A rufin ka buɗe taga a wurin da ya fi tudu, ita ma da raga, don iska mai zafi sama take taruwa, in ba ta da mafita nan za ta zauna. Sannan ka shimfiɗa ragar inuwa mai tare kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na rana a bisa rufin, kuma ka ɗaga ta kamar taƙi biyu daga ledar yadda iska za ta ratsa tsakani. In ka kwantar da ita kan leda kai tsaye, ta ɗauki zafi ta miƙa wa ledar. Kada ka wuce kashi 50, tumati zai yi ta tsawo ba ƴaƴa.

Yaushin azahar kuma ba kullum ƙishirwa ba ce. Ganye ne ke zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa. Ka duba shi da magariba: in ya miƙe, ruwa ya isa. In ya kwana a yamutse har safiya, to ko ƙasa ta bushe ko saiwa ta fara ruɓa, sai ka tona ka gani.

Hajiya_Mai_Salati:
Gaskiyar Malam Na-Jiratawa ce, amma baƙin gindin nan daga ban ruwa yake. Ba cuta ba ce, kada ka ɓata kuɗinka a maganin feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, shi kuma ruwa ke ɗauke da shi. Jigawa ba ta riƙe ruwa, ka cika ta da yamma, kafin hantsi ta tsane, shuka ta wuni tsakanin ƙoshi da ƙishi. Yawan takin zamani na ure (yuriya) ma yana ƙara abin.

Tumati mai ƴaƴa a bazara yana son lita 2 zuwa 3 a yini, kenan 60 ɗinka lita 120 zuwa 180, tano ɗaya mai lita 200 ya ishe ka. Ka raba shi: kashi biyu cikin uku bayan sallar asuba, sauran wajen ƙarfe 3 zuwa 4. Na yamma a gindi kawai, kada ya taɓa ganye.

In da hali ka koma tiyon ɗiga-ɗiga. Ɗora tanon a kan dakali mai tsayin mita ɗaya da rabi, ka sa matata a bakin fitar ruwa, layi ɗaya ga kowane jeri. Abin da aka rubuta jikin tiyon, misali lita 2 a awa, an auna shi ne da ƙarfin famfo, daga tano ba zai kai haka ba. Ka tara kofi ƙarƙashin rami ɗaya na farkon layi da ɗaya na ƙarshe, minti 15, ka ninka abin da ya taru sau huɗu. Da wannan za ka san tsawon lokacin da za ka bar shi a buɗe. Ka rufe tanon, ka yi masa inuwa, ruwan da ya wuni a rana ba a ba shuka.

Gwaji mai sauƙi: tona zurfin yatsa a gefen gindi, ka dunƙule ƙasar a hannu. Ta dunƙulu ba ta jiƙa tafi ba, daidai ke nan. Ta warwatse, ƙara. Sannan ka baza ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, ka bar tazara kaɗan daga karan, kana lura da gara.

Maigarka_Zariya:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To in na cire ledar gefe, iska ba za ta bushe da yawa ba? Wani ya ce in riƙa fesa wa ganye ruwa da rana.

Baban_Tibiri:
Za ta bushe, ɗana, musamman da hunturu da farkon bazara, lokacin da laimar iska a waje ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tumati ya fi son 60 zuwa 80, amma kada ka sa wa ranka sai ka kai nan a Afirilu, in ka samu 40 zuwa 50 da rana ka gode Allah. Sayi ƙaramar na'urar auna zafi da laima, ka rataye ta tsakiyar rumfa daidai kan shuka, a inuwa.

Fesa wa ganye ni ban goyi baya ba, cikin mintuna ya bushe, kuma ruwan rijiya na barin farin tabo. Jiƙa hanyar tsakiya da hantsi da azahar, ka rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gefen gabas inda iska ke shigowa. Inda na yarda da feshi shi ne in jan gizo-gizo, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai tsotson ganye, ya shigo, don shi zafi da fari yake so: za ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana a bayansa. Nan ka wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da sassafe, ya bushe kafin rana ta ɗaga.

Ɗigon asuban da ka ambata tururin ruwan la'asar ne da leda ta tare, dare ya yi sanyi ya koma ruwa. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi cutar ruɓa ke kamawa. Da damina, musamman Agusta, sai ka juya lissafin gaba ɗaya: ledar sama ta zauna don tare ruwan sama, buhuna a cire, ban ruwa sau ɗaya da safe kuma sai ka gwada ƙasa, ka kakkaɓe ganyen ƙasa har zuwa curin farko na ƴaƴa don iska ta ratsa. Ka haƙa ɗan lambatu kewaye da rumfar kada ruwan rufi ya koma ciki.

Hajiya_Mai_Salati:
Ƙari kaɗan a kan tiyo: duk mako ka buɗe ƙarshen kowane layi ruwa ya wanko yashi, ka wanke matata. In ka ga farin ɓawo na fitowa a gefen da'irar danshi, gishiri ne ya taru, sai ka ninka ruwan safiya ɗaya don ya tura shi ƙasa da saiwa.