Neman shawara: sakamakon gwajin gudun ɗalibaina ya ƙi zama ɗaya

Malamin wasanni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kano. Na yi wa 'yan aji biyu gwajin gudun kai-da-komo na mita 20, wanda ake bin ƙarar ƙararrawa daga waya. Bayan mako biyu na maimaita, sai lissafi ya rikice. Yaron da ya tsaya a mataki na 4 (kowane minti ɗaya na gudun mataki ɗaya ne) ya kai na 7, wata yarinya kuma ta yi ƙasa sosai. Shugaban makaranta yana so in saka maki a katin sakamako, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Gwajin ne ba shi da tabbas, ko ni nake kuskure?

Wani koci: Wa alaikumus salam Malam. Da ƙarfe nawa ka yi, kuma da me ka auna filin?

Malamin wasanni: Na farko da takwas na safe, na biyu bayan an dawo tara, wajen sha biyu. Da taku na auna.

Wani koci: To ga matsalar nan. Yaron da ya cika ciki da awara ya fito cikin ranar sha biyu, ba shi ne na safe ba. Taku kuma ba awo ba ne, ka ari tef ka ja layi da toka. Gwajin nan na Luc Léger ne ɗan Kanada, tsarin 1988: ana farawa da gudun kilomita 8.5 a awa, a ƙara rabin kilomita duk minti ɗaya. Kenan zuwan farko kusan daƙiƙa takwas da rabi ne. Ka gwada da agogo, don wani sautin da ake saukewa daga intanet ba wannan tsarin ba ne.

Wata malama: Malam, yaron da ya tashi daga 4 zuwa 7 ba ƙarfi ya ƙara a mako biyu ba, gane wasan ya yi. Karon farko yara kan fita da gudu kamar an biyo su, su gaji da wuri. Ka bar su su gwada sau ɗaya ba tare da rubuta komai ba. 'Yan mata kuma ka ware su. Na sha ganin yarinya ta tsaya da sauran ƙarfinta saboda maza suna kallo. Don Allah kada ka sa mai asma ko mai sikila sai da izinin likita.

Malamin wasanni: Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin da safe zan sake, da tef. Zan kuma roƙi shugaba a dakata da makin sai na yi awo biyu a yanayi ɗaya.