Wa ya taɓa buga gem da sunansa na yanka? Mu ji abin da ya biyo baya

Mai Shagon Gem:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon gem, kuma ban da PlayStation da ake bugawa a ciki, samari kan kawo min waya in buɗe musu asusun Free Fire ko PUBG ko Call of Duty. Abin da ke damuna shi ne, da an zo wurin rubuta suna sai yaro ya zuba sunansa na yanka, ya bi da na mahaifinsa, ya rufe da shekarar haihuwarsa. Wani har unguwarsu yake sawa. In na ce ya canza sai ya ce, "To Oga, ta yaya abokaina za su gane ni?" Abokan nan nasa 'yan kaɗan ne, amma duk wanda aka haɗa su wasa, ko daga wace ƙasa yake, yana ganin sunan. Magana ta fatar baki ba ta shigarsu, shi ya sa nake roƙon duk wanda abin ya taɓa shafa ya ba mu labari, in samu abin nuna musu. Don Allah kar a ambaci sunan kowa.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ba na wasan harbi, ludo kawai nake bugawa a waya in yara sun yi barci. Da Facebook na shiga, don haka sunana cikakke da hotona suka hau kan wasan. Wani dare aka haɗa ni da wani mutum, na ci shi, ya nemi a sake, na sake cinsa, na kashe waya na kwanta. Da safe na tarar ya turo min neman abota a Facebook. Ban karɓa ba. Sai saƙo ya fara shigowa, da fari gaisuwa, daga baya maganganun da ba zan iya maimaitawa a nan ba. Na toshe shi, ya dawo da wani asusun. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne ranar da ya rubuto min sunan makarantar da 'ya'yana ke zuwa. A hoton bikin sauka da na taɓa ɗorawa ya gani, bajon makarantar na jikin rigar yarinyar. Daga nan ya bi jerin abokaina ya nemo ƙanwar maigidana, ya ce mata wai mun daɗe muna hira da dare.

Allah ya taimake ni maigidan ya san ina ludon nan, wani lokacin ma tare muke bugawa, kuma na nuna masa saƙonnin tun farko. Amma ku duba a ce gidan da babu wannan fahimta ne. Da aure ya girgiza a kan wasan da bai kai minti goma ba. Har yau in yaran suka makara a hanyar dawowa daga makaranta, sai gabana ya faɗi.

Baƙon Dare:
Allah ya ƙara tsarewa, Anti. Nawa a gasa ne. Akwai rukunin WhatsApp da muke haɗa kuɗi, kowa ya zuba nasa, wanda ya yi na ɗaya ya kwashe. Sunana a gem ɗin shi ne sunana da na garinmu, kamar yadda yake a takardun makaranta. Na ci gasar, wani ya ce manhajar coge na yi amfani da ita. Muka yi cacar baki a rukunin, aka cire shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga hoton ƙofar shagon mahaifina ya shigo wayata, ba a rubuta komai a ƙasa ba.

Daga baya na bi sawun yadda ya yi, na ga ba wata ƙwarewa ba ce. Ya rubuta sunana a Google, jerin waɗanda aka bai wa gurbin karatu ya fito, ga sashen da nake. Garinmu yana cikin sunan. Lambata tana rukunin, kuma a wasu bankunan waya lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, kana sawa kamar za ka tura kuɗi cikakken sunansa ya bayyana. Sauran kuwa tambayar 'yan acaba ce kawai a bakin tasha. Dole na faɗa wa Baba, kuma ranar ce ya fara jin cewa ina gem na kuɗi. Manyan unguwa ne suka shiga maganar ta hanyar wani da ya san yaron, sannan aka kashe wutar.

Ɗan Tsakiya:
Ni fa ina ganin ana ɗan zuzuta abin. Shekara da shekaru ina bugawa da sunana, ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa nemana. Sunana irin wanda in aka kira a masallacin Juma'a sahu guda zai waiwayo ne. Wa zai tsince ni a cikin dubban masu irinsa? Kuma ni na fi son a san ni ne, don in na yi fice wata rana sunana ne zai fita, ba wani laƙabi ba.

Malamin Kwamfuta:
Ɗan Tsakiya, akwai gaskiya a maganarka, amma rabi ce. Sunan da kowa ke da shi yana ɓoye mutum matuƙar shi kaɗai ne. Matsalar ita ce ba ya zama shi kaɗai. Mu al'adarmu ce mu jingina suna da gari ko unguwa, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, don haka sunan Bahaushe sau da yawa yana tafe da rabin adireshinsa. Ka ƙara da 2004 a ƙarshe, an san shekarunka. Ka buɗe makirfo, karin harshenka ya nuna ko Basakkwace ne kai ko Bakano. Ka ce "bari in je, an kawo wuta a layinmu" ko "gobe ina da jarrabawa", an ƙara matsowa. Sannan yawancinmu sunan da ke gem shi ne a TikTok da Instagram, wani ma shi ne farkon adireshinsa na imel. Ɗalibaina na sa su gwada a aji, kowa ya nemi kansa da sunan gem ɗinsa kawai. Da yawa sun ga hotunansu sun fito a shafin farko.

Kuma ba yau aka fara wannan muhawara ba. A watan Yulin 2010 kamfanin Blizzard, masu World of Warcraft, ya ba da sanarwar cewa duk mai rubutu a dandalin 'yan wasansu sai da sunansa na gaskiya, wai don a rage zage-zage. Wani ma'aikacinsu ya rubuta nasa sunan don ya nuna ba abin tsoro. Kafin a jima mutane sun fara liƙa adireshi da lambar waya da hotunan da suka ce nasa ne da na danginsa. Cikin kwana uku kamfanin ya janye shirin. Batun fice kuwa, ka duba manyan 'yan gem na duniya, da laƙabi aka san su. Wanda ake kira Ninja a Fortnite da wannan laƙabin ya yi suna, bai hana shi samun kuɗi ba.

Baƙon Dare:
Malam, tun da abin nan ya same ni nake tuna labarin Wichita da ke jihar Kansas a Amurka. A watan Disamban 2017 wasu biyu suka yi faɗa a Call of Duty a kan cacar dala ɗaya da rabi. Ɗayan ya sa wani ya buga wa 'yan sanda waya da ƙaryar cewa an yi kisa kuma ana garkuwa da mutane a gidan abokin faɗan. Ashe adireshin da aka ba shi na tsohon gidan su abokin faɗan ne. 'Yan sanda suka je, wani bawan Allah mai suna Andrew Finch, ɗan shekara 28, ya buɗe ƙofa, aka harbe shi har lahira. Shi ko cikin wasan ba ya. Wanda ya buga wayar an yanke masa shekara 20 a 2019. Na san a can adireshi aka bayar kai tsaye, ba ta suna aka bi ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙanƙantar kuɗin. Kuɗin gasarmu ya fi wannan.

Babban Yaya:
Namu ƙanena ne, yana aji uku na ƙaramar sakandare. Ya yi abota da wani a gem, suna ƙungiya ɗaya, yana yi masa kyautar kayan wasa. Sunan yaron da na mahaifinmu ne a jiki, mahaifinmu kuwa sananne ne a kasuwa. A hankali mutumin ya san lokacin da yake tafiya Islamiyya, ya san ba ya zuwa da waya. Ya karɓi lambar Hajiyarmu da sunan zai turo masa kati. Wata La'asar aka kira ta, aka faɗi cikakken sunan yaron, aka ce mota ta buge shi, yana asibiti, a turo kuɗi yanzu kafin a taɓa shi. Hajiya ta rikice, har ta fara neman wanda zai tura. Allah ya sa ƙanwarmu ta ce bari ta leƙa makarantar, ba nisa. Ta same shi zaune yana karatu. Hawan jinin Hajiya ya tashi a ranar, sai da ta kwanta. Yaron ya fi kowa shiga damuwa, don shi da zuciya ɗaya ya ɗauki mutumin nan yayansa. Ban hana shi gem ba, na dai zauna da shi muka buɗe sabon asusu, kuma makirfo sai da waɗanda na san fuskarsu.

Tauraruwa:
Ni laƙabin da ba ya nuna mace ce ko namiji nake amfani da shi. Lokacin da sunana ke kai, da an ga sunan mace wasan ya ƙare, sai tambayar ina kike, turo lamba, ko zagi in na ƙi amsawa. Tun da na canza nake wasana lafiya.

Ɗalibi a Sin:
Bari in kawo yadda yake a nan, don akwai bambancin da ya kamata a gane. A ƙasar Sin ba a buɗe asusun gem sai da sunan gaskiya da lambar katin shaida, kuma tun 2021 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai ake ba su a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Duk da haka abokan karatuna ba wanda sunansa na gaskiya ke fitowa a fili, kowa da laƙabinsa. Kamfani ya san ka daban, wanda ka harbe a wasa yana huci ya san ka daban. Ko ajiyar kamfanin ma ba tabbas gare ta ba. Koriya ta Kudu ta yi dokar tantance sunan gaskiya a manyan shafuka a 2007, a 2011 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar.

Ɗan Tsakiya:
Labarin Babban Yaya ya taɓa ni, don ina da ƙanne. Kuma akwai abin da na tuna. Wani abokinmu ya fusata a wasa ya yi ta ɗura ashar, ashe wanda suke tare yana naɗa. Aka ɗora a TikTok, ga muryarsa, ga sunansa a saman allo. Lokacin binciken aurensa wani daga dangin yarinyar ya tono bidiyon. An dai yi auren, amma sai da kawunsa ya je ya ba da haƙuri. Sunana zan bar shi tukuna, shekarar haihuwa ce zan cire.

Uwar Biyu:
Malam Mai Shago, ɗana babba yana Roblox a wayar mahaifinsa, kuma na duba yanzu na ga sunansa ne a kai. In an canza shi ke nan ya ɓace?

Mai Shagon Gem:
Hajiya, a Roblox canjin suna Robux 1,000 ne, wato kuɗin cikin wasan, kuma tsohon sunan yana nan a shafinsa, mai dubawa zai gani. Tunda yaro ne, in bai tara wani abin kirki a ciki ba, gara a buɗe masa sabo da laƙabin da ba shi da alaƙa da gida, a sa shekarunsa na gaskiya a wurin rajista don matakan kariyar yara su hau kansa. Sauran wasannin kowa da tsarinsa. Fortnite kyauta ne duk bayan mako biyu. PlayStation da Xbox canjin farko kyauta, na gaba da kuɗi. Free Fire da PUBG suna da katin canjin suna, wani lokaci ana samunsa a kyautar wasa. Steam, dandalin gem na kwamfuta, yana nuna tsofaffin sunaye, amma akwai wurin goge su. Naki na ludo kuwa, ki cire haɗin da Facebook, ki ɓoye jerin abokanki, hotunan yara masu bajon makaranta ki mayar da su na abokai kawai. Saƙonnin mutumin nan kar ki goge, ki ɗauki hotonsu ki ajiye, don dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta irin wannan barazana, kuma in ya dawo su ne hujjarki a wurin hukuma. Babban Yaya, in ka yarda zan karanta wa yaran shagona labarin ƙanenka ranar Asabar, ba tare da na faɗi daga ina yake ba.

Babban Yaya:
Na yarda, Malam. Ka faɗa musu har da batun kyautar, don ta nan ya shigo masa.