Tafkinmu ya koma kore, alimun zai yi maganinsa?

Sani Kwadon: Assalamu alaikum. Tafki ne a gefen gari, yankin Yamaltu Deba, faɗinsa kamar hekta 1, zurfin tsaka-tsaki mita 1.5. Akwai karfasa da tarwaɗa a ciki, shanu ma na sha. Da zafin Maris ya kama sai gansakuka ta rufe shi, ruwan ya yi kore shar, da safe har wari yake. An ba mu shawarar zuba alimun. Buhu nawa, kuma ba zai kashe kifi ba?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Alimun ba guba ce ta gansakuka ba, abincinta yake ƙwacewa. In ya narke a ruwa yakan zama fari-farin gudaji masu laushi, su kama sinadarin fosforos, wanda shi ne abincin nata, da laka da ita kanta gansakukar, su nutse da su ƙasa. Shimfiɗar da suka yi a gindi kuma takan tare fosforos ɗin da ke tasowa daga taɓo. An daɗe ana yin haka, a Amurka tun 1970 aka gwada a wani tafki na jihar Wisconsin.

Lissafi: hekta 1 (murabba'in mita 10,000) sau mita 1.5 ya ba da kubik mita 15,000. A tafkin kifi ana sa giram 15 zuwa 25 a kowace kubik mita. In an ɗauki 20, kilo 300 ke nan, buhu 6 masu kilo 50. Amma a sake auna zurfin ranar aikin, don tafkin Afrilu ba shi ne na Oktoba ba.

Kafin sayen ko buhu ɗaya a yi gwajin bokiti. A narka giram 10 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. A cika bokiti uku masu lita 20 da ruwan tafkin, a ɗiba da sirinji: mil 20 a na farko, 40 a na biyu, 60 a na uku, wato giram 10, 20 da 30 a kubik mita. A juya da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti biyar, a bar su awa ɗaya. Wanda ya washe da mafi ƙarancin magani shi za a bi. A nemi na buhu irin na gidajen tace ruwan famfo. Dunƙulen da ake saidawa a kasuwa yawanci mai fotash ne, bai kai wancan ƙarfi ba, ga tsada.

Hajiya Rabi, mai kiwon kifi: Injiniya, ka bar inda kifin ke mutuwa. Alimun na sa ruwa tsami. In pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 6, sinadarin aluminiyam ya zauna a narke, ya toshe wa kifi hanyar numfashi, sai a gan su suna haƙi a sama. Don haka a auna pH a cikin bokitin da aka zaɓa, a kuma auna alkaliniti na tafkin, wato ƙarfin ruwan na kashe tsami: kowane giram na alimun yana cin kusan rabin giram na alkaliniti. Ruwan da alkalinitinsa bai wuce giram 20 a kubik mita ba, sai an haɗa da laim mai kamar garin fulawa (hydrated lime), don ya rage tsamin, kimanin kilo 0.4 ga kowane kilo na alimun, wato kilo 120 ga buhu 6. Kowanne a duronsa, kada a dama su tare.

Ɗaya ɓangaren kuma, tafkin da ya yi kore sosai pH ɗinsa na iya haura 9 da la'asar, a nan ma gudajin ba sa riƙe komai. Da sassafe ake zubawa, ranar da ba iska, a narke, daga kwalekwale ana fesawa layi-layi. Wanda ya juye buhu a bakin tafki ya yi asarar kuɗinsa. Kuma kada a yi duka rana ɗaya. Gansakukar da ta nutse za ta ruɓe ta shanye iskar ruwa, kifi su mutu kafin asuba. A raba gida uku, kwana biyu ko uku tsakani, injin ban ruwa yana watsa ruwa sama cikin dare.

Malam Usman Deba: Ni dai ina da ja a kan lokacin. Aikin ya fi kyau a Nuwamba, damina ta ɗauke, ruwa ya daina shigowa, gansakuka ba ta tashi ba. Sannan in kwararon da ke kawo takin NPK daga gonaki yana nan, ana wanki da omo a baki, shanu na shiga har gwiwa suna kashi, damina ɗaya ta isa ta mai da ku gidan jiya. Tarwaɗa ma na tona gindi ta binne shimfiɗar. A killace bakin, a gina wa dabbobi kwami a waje, a bar ciyawa ta yi kauri a hanyar ruwan.

Malam Sani, a duba kalar da kyau. In tana yin kumfa mai shuɗi-shuɗi kamar an zubar da fenti, wannan nau'in na iya fitar da dafin da ke lalata hantar dabba, kuma alimun ba ya cire dafin da ya riga ya narke. A janye shanu tukuna, a kai samfurin ruwan a kwalba ga jami'an GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe, ko sashen kiwon kifi na ma'aikatar gona su duba.