Neman shawara: ta yaya masu Akira suka yi gudun babur ɗin nan, ni kuma nawa ya ƙi?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina koyon zanen katun da manhajar Krita, na ɗauko wurin gudun babur na farkon fim ɗin Akira ina gwada yin irinsa na daƙiƙa 10. Abu uku sun tsaya mini. Babur ɗin kamar an yanko takarda ana ja, ba shi da nauyi. Wutsiyar jan haske da ke bin fitilar baya ta fito kamar zare. Sannan bakin yaron bai dace da maganar da na ɗora ba. An ce su zane 24 suke yi a kowace daƙiƙa, shi ya sa nasu ya yi kyau. Shin sai na yi zane 240 ke nan? Kwamfutata RAM 4 gare ta.

Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da cire maganar nan daga ranka, don ta hana mutane da yawa barci a banza. Fim ɗin ya fito a Japan a watan Yulin 1988, tsawonsa minti 124 ne. Ka lissafa da firem 24 a daƙiƙa, wato hotuna 24 da ke wucewa a jere, za ka samu firem 178,560. Adadin falle-fallen roba masu kamar gilashi da ake cewa an zana kuwa ya ɗan haura 160,000, kuma a firem guda ana iya jera falle uku ko huɗu: jiki daban, baki daban, hayaƙi daban. Ka ga lissafin bai kai kowane firem da sabon zanensa ba. Abin da masu zanen kamfanin Tokyo Movie Shinsha suka yi a ƙarƙashin darakta Katsuhiro Otomo da shugaban masu motsa zane Takashi Nakamura shi ne cakuɗawa: inda abu ke da sauri a ba kowane firem zanensa, inda ya lafa zane ɗaya ya zauna firem 2 ko 3. A naka, zane ɗaya a firem 2 zai ba ka 120, a firem 3 kuma 80.

Rashin nauyi daga tazara yake. Ina kyautata zaton kana matsar da babur ɗin tazara iri ɗaya a kowane zane, ita kuwa ido na karanta ta a matsayin takarda. Ka dubi inda Kaneda, jarumin fim ɗin, ya taka burki babur ya juya gefe yana zamewa yana nisa da mai kallo: zanen farko-farko tazararsu da faɗi, suna zuwa ƙarshe suna matsewa. Yi manyan zane uku tukuna, farkon zamiya, tsakiya, tsayawa. Cike tsakaninsu ta raba ragowar tazara biyu kowane lokaci: rabi, kwata, rabin kwata. Bayan tsayawa kada ka daskarar da shi. Bari jikin babur ya ɗan wuce ya dawo cikin firem 4 zuwa 6, rigar yaron da ƙura su iso a makare.

Gwanar Launi: Ƙari a kan na Malam: babur ɗin ya iya zama a firem 2, amma hanya da gine-ginen baya su riƙa motsi a kowane firem, in ba haka ba hoton zai riƙa kakkarwa. Raba hoton baya kashi uku. A hoto mai faɗin ɗigo (pixel) 1280, gwada kwalta ta matsa ɗigo 40 a firem, turakun fitila 24, dogayen benaye 5. Ka kula da tarko ɗaya: in tazarar da ke tsakanin turaku biyu ta yi daidai da abin da suke matsawa a firem, za su zama kamar a tsaye suke. Haka ma taya mai zane a jiki.

Zancen wutsiyar haske shi ne na fi so a yi daidai, don shi ne fuskar fim ɗin. A wancan zamani ba fenti ne ke ba da irin wannan ƙyalli ba. Ana rufe hoton da baƙin falle, a bar siffar hasken kaɗai a buɗe, a haska daga ƙasa, a sake ɗauka a kan fim ɗin da aka riga aka ɗauki zanen. Kai za ka kwaikwayi haka da leya uku, wato fallen zane uku ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa ja ce mai faɗi, ka dusashe ta da ɗigo 20 zuwa 30. Ta tsakiya ruwan lemo, rabin faɗin waccan, dusashewa kaɗan. Ta sama siririya, kusan fara, ba dusashewa. Biyun ƙasa ka sa su a tsarin haɗa launi na Addition ko Screen. Taka ta zama zare ne saboda launi ɗaya ka shafa a Normal. Kuskure na biyu da kowa ke yi: manna wutsiyar a jikin babur tana tafiya tare da shi kamar jela. Hasken a wurin da fitila ta ratsa yake zama. Bakinsa na gaba ne ke tsawo, ƙarshensa na baya yana mutuwa cikin firem 8 zuwa 12.

Kuma haske ba ya tashi sai duhun ya yi kyau. Daren Neo-Tokyo, birnin da labarin ke faruwa, ba baƙi ƙirin ba ne, shuɗi ne mai duhu da kore da shunayya. Launi 327 aka yi amfani da su, yawancin fim ɗin kuwa da dare ne. Jan rigar Kaneda a ƙarƙashin fitilar titi daban, a inuwa daban. Ware wa yaronka jerin launi biyu tun kafin ka fara shafawa.

Ɗan Koyo: Na gode, Yaya. Saura bakin. Na gama zane ne na ɗora murya.

Mai Sauti: To nan ne matsalar, ka yi aikin a juye. Yawancin katun ɗin Japan haka suke, a zana baki uku, rufe, rabi, buɗe, masu murya su bi daga baya. Akira ya saɓa: an fara naɗar muryoyin Mitsuo Iwata mai yin Kaneda da Nozomu Sasaki mai yin abokinsa Tetsuo da sauransu, sannan aka zana leɓe da haɓa a kan sautin. Naɗi maganarka da manhajar sauti ta Audacity, ka shigo da ita Krita, ka bi firem-firem kana rubuta wace gaɓa ta faɗo a ina. In da Hausa ce, baki shida ya isa: a, e, i, o, u, da rufaffe na m, b, ɓ. F ɗinmu da leɓe biyu ake yin ta, kada ka zana haƙori a kan leɓe irin na Turawa. Dogon wasali ka riƙe shi ya fi gajere. Rufaffen baki ya samu aƙalla firem 2, in ba haka ba ido ba zai gan shi ba. Sannan ka gabatar da zanen bakin da firem 1 ko 2 kafin sautin.

In za ka yi nazari, da muryar Japananci za ka kalla. Fassarar Turanci biyu da aka yi, ta 1989 da ta 2001, dole suka bi leɓen da aka zana don wani harshe. Kiɗan kuma na ƙungiyar Geinoh Yamashirogumi ne, ƙarƙashin Shoji Yamashiro, da kayan kiɗan gora na tsibirin Bali da ake kira jegog. Yana da masu shi, kada ka ɗora a naka. Ganga da numfashi mai ƙarfi da ka naɗa da kanka za su ɗauki gudun.

Mai Alƙalami: A VLC harafin E na matsar da firem ɗaya, a YouTube kuma waƙafi da aya. Guji kwafin da aka mayar firem 60 a daƙiƙa, na'ura ce ta cusa zanen ƙarya a tsakani, ba za ka ga tazarar gaskiya ba. Kuma fim ɗin akwai jini da tashin hankali, ba na kallo da yara ba ne.

Gwanar Launi: Da RAM 4 kada ka wuce 1280 da 720, kuma kada ka zuba daƙiƙa 10 a fayil ɗaya. Yanka shi gida uku, kowane da fayil ɗinsa. Gwada motsin da zanen layi zalla, ba launi, har sai zamiyar ta yi nauyi. Fitar da babur da hasken a matsayin jerin hotunan PNG marasa bango, ka harhaɗa su da dusashewar a manhajar OpenToonz ko Blender, don dusashewa a kan firem 240 cikin Krita ita za ta fara sandarar maka da kwamfuta.