Me za mu kira "polder" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan ƙasar Holan. Kalmar ita ce "polder", daga harshen mutanen ƙasar ta fito, Turawan Ingila ma aro suka yi.

Mu dai mun san Holan ta atamfa, kowace uwa ta san darajar 'yar Holan a lefe. Sunan ƙasar na hukuma, Netherlands, ma'anarsa ƙasashen kwari, kuma sunan ya dace da ita, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da bakin teku. Holan ɗin da muke faɗa larduna biyu ne kawai cikin 12, amma can ne Amsterdam da Rotterdam da Hague suke, shi ya sa sunan ya rufe sauran. Mutum miliyan 18 ne ke zaune a wannan 'yar ƙasa.

To, mene ne abin? Fili ne da a da tafki ne ko fadama ko gefen teku. Sai a zagaye shi da tudun ƙasa, a zuƙe ruwan ciki a watsa waje, har ƙasa ta bayyana a yi noma a gina gari. Ba a cike ramin, filin yana nan a kwarinsa, ruwa na sama da shi a bayan tudun. Tafkin Beemster haka aka busar da shi a 1612 da injinan da iska ke juyawa. Filin jirgin saman Schiphol yana kan gindin wani tafki ne da aka zuƙe a 1852. A 1932 suka gama wani shinge mai tsawon kilomita 32 da ya raba wani ɓangaren teku da uwarsa, bisa tsarin injiniya Cornelis Lely, daga baya suka fitar da lardi guda daga ciki, Flevoland, wanda aka kafa a 1986. Yau sama da mutum 400,000 ke kwana a inda kifi ke yawo a zamanin kakanninsu.

Da farko na so in ara kawai in ce "folda". Sai na tuna folda ta riga ta zama ta takardu da ta kwamfuta. Yaro zai ji an ce ana kiwon shanu a cikin folda, ya rasa inda aka dosa.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, ai ciko ne." Ban yarda ba. Ciko shi ne irin na Legas, a zuba yashi har wuri ya tashi sama da ruwa. Wata malama ta kawo "yasasshiyar ƙasa", daga yashe rijiya. Tunanin ya yi kyau, sai dai kunnen Bahaushe zai ji ƙasar da aka yasar, alhali wannan ita ce ƙasar da ba a ɗauke mata ido ko na kwana ɗaya. "Fadama" ita kaɗai ma ba ta isa ba, domin ruwan fadama da kansa yake zuwa da damina, da kansa yake janyewa.

Abin da ya buɗe mini hanya wasan yarintarmu ne. Idan rani ya yi, rafin bayan garinmu ya tsinke gida-gida, sai mu zaɓi kududdufi guda, mu tare shi da laka ta kowane gefe, mu shiga da ƙwarya da tsohon kwano muna watsa ruwan waje. Kwarfa ke nan, wasu na cewa kwalfa. Sai ka ga bayan tarwaɗa na motsi a cikin taɓo. Amma da ka miƙe ka huta, ruwa ya fara tsatsowa ta ƙarƙashin lakar, yayanmu na tsawa, "Kai, ci gaba, zai dawo!"

Wannan "zai dawo" ɗin nake so kalmar ta ɗauka. A Holan injinan zuƙe ruwa ba sa hutawa, ruwan sama da na ƙasa kullum suna taruwa. Suna da majalisun ruwa tun ƙarni na 13, har yau zaɓensu daban, harajinsu daban. Sun kuma ɗanɗana abin da ke faruwa in shinge ya karye. Daren 31 ga Janairun 1953 teku ta ɓalle a kudu maso yammacin ƙasar, ta kashe sama da mutum 1,800.

Don haka shawarata ita ce fadamar kwarfa, jam'i fadamun kwarfa. Fadama ta nuna kwari ne mai albarkar noma, kwarfa ta nuna hannun mutum ne ke riƙe da shi a bushe. Tudun da ke zagaye da ita kuwa ganuwar ruwa, kada mu ce madatsa, domin madatsa irin ta Tiga tara ruwa take yi, wannan kuwa hana shi shiga take, kamar yadda ganuwar Kano ta tare mahara.

Kuma ba don Holan kaɗai muke buƙatarta ba. A wajen Bol, gefen Tafkin Chadi, manoma sun daɗe suna toshe hannayen tafkin tsakanin tuddan rairayi su noma alkama da masara a gindinsa, rahotannin Faransanci kuma da wannan kalmar ta Holan suke kiran gonakin.

Na gwada ta a aji jiya: "An gina birnin Almere na lardin Flevoland a kan fadamar kwarfa." Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan in wuta ta ɗauke ruwa zai ci su?" Ban yi mata bayanin komai ba tukuna, daga kalmar ta gano. Mai wadda ta fi wannan zama a baki ya kawo, mu gwada ta a jimlar nan.