Tambaya kan gyaran makin 'yan wasan sukwash bayan karawar lig

Assalamu alaikum. Ni nake riƙe da lissafin ƙaramin lig ɗinmu na sukwash (wasan buga ƙwallo a bango da raket), kuma ina amfani da tsarin Elo na auna ƙarfin 'yan wasa da maki, wanda aka aro daga wasan ces, inda na ɗauki 32 a matsayin adadin K, wato iyakar makin da ɗan wasa zai iya samu ko rasawa a karawa ɗaya.

Makon jiya wani matashi mai maki 1400 ya kara da mai 1600, aka kai zagaye na biyar, ya sha kashi da 11 da 9. Lissafin ya ba shi damar nasara ta kusan 0.24, saboda haka aka zabge masa maki 8, tamkar an cinye shi 3 da babu. Gaskiya abin bai kwanta mini a rai ba, domin na ga gumin da ya zubar.

Da na gwada sanya sakamakonsa a matsayin 0.4, wato zagaye biyu cikin biyar, sai ya ƙaru da maki 5, amma wanda ya yi nasara ya ragu da 5, kuma nan na maƙale. Na san SquashLevels, wani tsarin auna ƙarfin 'yan wasan sukwash, yana duba ƙwallayen da kowa ya ci. Don Allah, yaya zan shigar da hakan ba tare da na tauye wanda ya ci wasan ba?